Kakin Gwangwani da Ruwan Kwalba

Shekara talatin da huɗu Baba Madubi ya yi yana goge motoci a rumfa ɗaya, can ƙarshen layin masu gyara, tsakanin shagon mai buga jikin mota da na mai sayar da taya. Shi ba makaniki ba ne, bai taɓa kwance inji ba. Ya kan ce aikinsa fatar mota ce. A kawo masa mota ta sha rana ta koɗe, ya wanke ta, ya tsane mata ruwa, ya duƙa a kanta da soso da tsumma da gwangwanin kakinsa. In ya miƙe, sai ka ga fuskarka a jikin ƙofa har ka gyara zaman hularka. Daga nan sunan ya fito, ya kuma bi shi har matarsa ma ta daina kiransa da wani.

Rumfar ba ta da wani girma. Benci ɗaya, kanta ɗaya da aka jera gwangwanaye a kai, sai igiya da tsummoki ke rataye, kowanne da aikinsa. Na shafawa daban, na gogewa daban, na gilashi daban, kuma in kana son ganin fushin Baba Madubi to ka ɗauki na gilashi ka share hannu. Kakin nasa rawaya ne, mai tauri kamar sabulu. Da yatsunsa yake fara ɗumama shi kafin ya kai soso, ya shafa shi siriri, ya jira ya yi hazo, sannan ya bi shi da tsumma a hankali, ba gaggawa. Da wannan hannun ya yi aure, ya kama ɗaki biyu, ya sa 'ya'ya huɗu a makaranta.

Cikin 'ya'yan, ta biyun ce ta tashi a rumfar. A kan bencin take aikin makaranta, tana kallon ubanta ta gefen ido. Da ta girma sai ta karanta ilimin haɗa sinadarai, ta samu aiki a kamfanin da ke yin fenti, inda ake ba su farar riga su sa. Ranar da maƙwabcinsu mai buga jikin mota, wanda ake ce wa Mai Guduma, ya fara ganinta cikin rigar, sai ya cire hula ya ce, "Sannu da zuwa, Likita. A duba mana ƙofar nan, tun jiya take tari." Sunan ya zauna. Uban da kansa ya koma kiranta Likita, yana faɗa yana washe baki.

Bayan shekara uku kamfanin ya tattara ya koma wani gari mai nisa. An ce ta bi su, ta ce a ɗan ba ta lokaci, domin ciwon ƙafa ya matsa wa mahaifiyarta a lokacin. Tana zaune a gida sai wata dabara ta zo mata. Wata safiya ta shigo rumfar da kwalba a hannu, ta ajiye a kan kanta, kusa da gwangwanayen.

"Mene ne wannan kuma?" in ji uban.

"Abin rufe fenti ne, Baba. Aikinsu ɗaya da kakinka, sai dai shi haɗa shi ake yi. In an wanke mota tas an shafa, aka bar shi ya kwana bai taɓa ruwa ba, kama fentin yake yi. Kakinka ba shi da laifi, amma rana tana cin sa. Wata biyu ya tafi. Wannan yana kai wata shida."

Ya buɗe ya shinshina. Ruwa-ruwa ne, fari kamar madara, da warin kantin magani. Ya rufe ya mayar.

"Ni a wannan rumfar ban taɓa ba mota magani ba."

"Ba cewa na yi ka bar naka ba. Ka ba ni gefe ɗaya in yi nawa. Wanda ke son kaki ya zo wurinka, wanda motarsa ke kwana a rana ya zo wurina."

Mai Guduma, wanda ba a magana a layin bai sa baki ba, ya leƙo ya ce gani ya kori ji. Yana da wani tsohon murfin gaban mota, ja, wanda ya sake wa fenti mai shi bai dawo ba. Aka wanke shi, aka manna salatif a tsakiya daga sama har ƙasa. Hagu na Baba Madubi, dama na Likita. Aka jingina shi a bayan rumfa inda rana ke dukansa tun fitowarta har faɗuwa. Aka shirya duk Litinin Mai Guduma zai zuba ruwa da kofi a kowane gefe. Inda ruwan ya dunƙule ya gangara, kariya tana nan. Inda ya kwanta ya shimfiɗe, ta tafi.

Ranar farko kowa ya zo kallo. Gefen Likita ya fito tar, kamar an ɗora gilashi a kan fentin, har yana kashe ido. Na uban bai kai shi haske ba, amma jan ya yi zurfi, kamar jiƙaƙƙe, kamar ka sa yatsa ya nutse.

"Naki ƙyalli ne," in ji Baba Madubi, "nawa sheƙi ne. Da bambanci."

"Na yarda, Baba. A kyau ka ci ni. Saura mu ga wanda zai daɗe."

Mako shida abin yana tafiya daidai. Ruwa na dunƙulewa a hagu, yana dunƙulewa a dama. Amma wani abu ya fara canzawa a layin, wanda ba a jikin murfin yake ba. Mutane suka fara tsayawa suna tambayar Likita abubuwa: me ya sa jan fenti ke saurin koɗewa, me ya sa kashin tsuntsu ke barin tabo. Tana ba su amsa tiryan-tiryan, shi kuma yana gefe yana linke tsumma. Yana alfahari da ita, wannan ba ƙarya. Sai dai wata rana ya ji mai taya yana ce wa wani mai mota, "Ka ɗan jira 'yar ta zo, ita ta san abin. Tsohon hannu ne kawai gare shi." Mai taya bai san Baba Madubi yana bayan tulin tayoyi ba. Maganar ta kwana da shi, ta tashi da shi.

A mako na bakwai, ranar Asabar, ya riga kowa zuwa kamar yadda ya saba. Ya buɗe rumfa, ya share gaba, sannan ya ɗebi ruwa a kofi ya zagaya baya, don kawai ya gani. Ya zuba a dama, ruwan ya tattaru ya gangara ɗiri-ɗiri. Ya zuba a hagu, ruwan ya kwanta, ya yi faɗi, ya ƙi motsi. Ya sake zubawa. Haka dai.

Ya daɗe a tsaye da kofin a hannu. Ai ya sani. Tun ba yau ba ya sani, shi ya sa yake ce wa masu mota su dawo bayan wata biyu. Amma sani a ciki daban, a zuba ruwa a gaban layi gaba ɗaya daban. Ya hango Litinin, ya hango Mai Guduma yana tafa hannu, ya hango kansa a kan benci ana gaishe shi a wuce wurin 'yarsa. Ya ce wa kansa ai ko mota ma ana sake mata shafi, wannan ba komai ba ne, sau ɗaya ne kawai. Ya koma ciki ya ɗauko gwangwani. Minti biyar bai cika ba ya gama. Ya kula sosai kada ya taɓa salatif ɗin.

Ranar Litinin ruwa ya dunƙule a gefe biyu. Likita ta rubuta a ɗan littafinta, ta ce, "Kakin Baba yana da taurin kai."

Sau ɗayan nan ya zama duk bayan mako uku. Wanda ya fara ƙarya sai ya yi ta ciyar da ita. In ya bari yanzu, kakin zai mutu a lokaci guda, a tambayi dalili. Kowace safiyar da ya yi, sai ya rantse ita ce ta ƙarshe, ya wanke hannu sau biyu don kada a ji ƙamshin.

Abin da ya fi damunsa shi ne kallon Likita. Wata uku, wata huɗu, ta daina raha ranar Litinin. Takan tsuguna gaban murfin ta shafa hagu, ta shafa dama, ta buɗe littafi ta rufe. Wata rana da suna cin abincin rana a kan benci ta ce, "Baba, wane irin kaki ne wannan? Duk abin da na karanta ya ce bai isa ya kai haka a rana ba."

"Irin wanda na saba ne," ya ce, idonsa a kwano.

"To ko dai ni ce ban fahimci karatun ba."

Ya ajiye lomar. Nan ne wurin faɗa, ba kowa sai su biyu. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa, "Littafi daban, hannu daban."

Da aka cika wata biyar Mai Guduma ya tara mutane ya yanke hukunci: a daɗewa an yi kunnen doki, a kyau kuwa kaki ya yi gaba. Aka yi ta miƙa wa Baba Madubi hannu. Mai taya ya ce shi dama ya faɗa, abin da babba ya hango yaro ko ya hau tsani ba zai gani ba. Likita ta zo gabansa ta rusuna, a gaban kowa, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Na zo ina koya maka aikinka." Ya dafa kanta ya ce ba komai. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige.

Cikin masu kallo a ranar akwai wata dattijuwa da ake kira Malama, tsohuwar shugabar makaranta. Tana da wata jar mota, tsohuwar yayi, ta marigayi mijinta, wadda shekara goma sha biyar Baba Madubi ke gogewa. Bayan an watse ta ce masa za ta koma wurin ɗanta da zama, tafiyar yini guda ce, kuma can ba rumfar mota, a waje za ta riƙa kwana, kusa da wata bishiya.

"Ba zan iya zuwa duk wata biyu ba yanzu. In na yi ƙoƙari, sau biyu a shekara. Wanne za a sa mata?" Ta juya ga Likita. "Ke me kika ce, 'yata?"

"Ki tambayi Baba, Malama. Shi ya sani."

Malama ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon da ta yi wa ɗalibai shekara da shekaru. Ya san amsar. Kwalbar tana nan a kan kanta, hannunsa zai kai. Amma mutanen da suka gama yaba masa ba su yi nisa ba, wasu suna ji.

"Kaki dai," ya ce. "Ai kin gani da idonki."

Ya yi wa motar shafi biyu maimakon ɗaya, kamar hakan zai rage wani abu.

Bayan mako uku Likita ta rubuta wa kamfaninsu cewa tana zuwa. Ƙafar uwar ta yi sauƙi, rumfar kuma, in ji ta, ba ta buƙatar ta. Ta bar kwalbar a kan kantar rumfar. Ya raka ta tasha, ya ɗauki jakarta, ya yi mata addu'a mai tsawo. A hanyar dawowa ya wuce layinsu bai lura ba sai da ya kai wurin masu walda.

Matarsa ta ga canji. "Baba Madubi, kewa ce ko ciwo? Abinci kana juya shi kamar mai neman allura." Ya ce zafi ne. Murfin nan kuwa ya roƙi Mai Guduma ya ɗauke shi daga bayan rumfa, wai yana tare hanya.

Bayan wata bakwai Malama ta dawo. Tun daga bakin layi ya gane motar, ya kuma gane abin da ya same ta. Rufin ya koɗe ya yi fari-fari, kamar an barbaɗa masa alli. A kan murfin gaba akwai tabon kashin tsuntsu da danƙon bishiya, sun ci fentin sun shiga ciki. Ya shafa da tafin hannu, hannun ya fito da jan gari.

Malama ta fito a hankali tana dafa ƙofa. Kafin ya ce komai ta riga shi.

"Na san laifina ne. Sau biyu na sa aka wanke ta da sabulun wanke kwano, na ji an ce yana cire kaki. Da mai ita yana nan da bai bari ba. Shi ko hannu ba ya bari a ɗora mata." Ta ciro hankici ta goge tabarau. "Za ta gyaru?"

"Rufin zai dawo, in sha Allah. Tabon nan ne ban sani ba."

Kwana uku ya yi a kan motar, bai karɓi wani aiki ba. Ya yi ta goge rufin har jan ya farfaɗo. Tabo huɗu suka ƙi fita, sun riga sun wuce inda tsumma ke kaiwa. Da ya gama sai ya ɗauko kwalbar Likita, ya sa tabarau ya karanta bayanta, ya shafa yadda ya ga tana yi, ya rufe motar a rumfa ta kwana. Da Malama ta zo ɗauka ta yi ta godiya, tana cewa irinsa sun yi ƙaranci. Ya riƙe mata ƙofa. Maganar ta zo har bakinsa, ya haɗiye. Ta tafi tana ɗauke da laifin da ba nata ba.

Washegari bai buɗe rumfa ba. Ya gaya wa matarsa komai tana tsaye da tsintsiya a hannu. Ba ta yi faɗa ba. Ta jingina tsintsiyar ta ce, "Ba ni za ka gaya wa ba." Ta ɗauko masa rigarsa ta fita.

Ya isa garin da azahar, ya nemi kamfanin, ya jira a bakin ƙofa har aka kira ta. Ta fito da farar rigarta, a tsorace, tana tambayar ko Mama ce. Ya ce lafiya lau take. Suka zauna a wani dakali a inuwar gini. Ya faɗa mata daga farko: maganar mai taya, kofin ruwa, safiyar Asabar, sau nawa ya yi, da motar Malama. Bai yi wa kansa ado ba.

Tana ta murza maɓallin rigarta.

"Baba, ka san da na dawo an ce in riƙe sashen gwaji? Na ce a ba wani. Na ce musu ban amince da hannuna ba tukuna. Wanda aka ba ni na koya masa aiki."

Wannan bai sani ba. Ya ji kamar an ɗora masa dutse a kan wanda yake ɗauke da shi.

"Da ka ce mini ba ka son kwalbar a rumfarka, wallahi da na ɗauke ta. Ban zo don in ture ka ba. So nake in zauna kusa da kai."

"Na sani, Likita. Tsoro ne ya kama ni. Ki yafe mini."

"Na yafe, Baba." Ta share ido da bayan hannu. "Amma ka ba ni lokaci in daina jin haushi. Wannan ba zai tafi yau ba."

Ta raka shi har inda zai hau mota, ta saya masa ruwa, ba su ƙara tayar da maganar ba.

Litinin da ta biyo ya kira Mai Guduma da mai taya da duk wanda ke kusa, ya faɗa musu. Mai taya ya sunkuyar da kai ya koma shagonsa. Mai Guduma ya dube shi ya ce, "Wato wata biyar ina alƙalancin banza da kofi a hannu." Ya yi dariya, amma kwana goma bai leƙo rumfar ba. Malama kuwa a waya ya same ta. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ba ta sake kawo motar ba, shi ma bai ga laifinta ba.

Yana nan yana aikinsa. Kantar yanzu rabi gwangwani, rabi kwalba. Duk wanda ya kawo mota sai ya tambaye shi a ina take kwana, kuma yaushe zai iya dawowa. Mai rumfar mota da lokaci, ya ce masa kaki ya fi kyau amma wata biyu ne. Mai ajiyewa a rana, ya ce masa ruwan kwalba, ko da yake shi kansa har gobe idonsa ya fi son ɗayan. Sunansa bai ɓace a layin ba, sai dai akwai waɗanda in ya faɗi magana sukan ce a bari a tambayi wani. Ba ya musu.

Likita ba ta dawo rumfar ba. Wata huɗu gaisuwarsu ba ta wuce ta bakin uwar ba: "Ki gaida Baba," "Ya ce yana amsawa." Sai wata rana da hantsi, yana duƙe a kan wata baƙar mota, wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ita ce. Bayan gaisuwa ta ce suna gwada wani baƙin fenti, duk wanda ya goge sai ya bar zane-zane kamar saƙar gizo-gizo in rana ta haska, sun rasa dalili.

Bai sani ba ko da gaske take neman amsar, ko so take ta ba shi abin cewa. Bai tambaya ba. Ya maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, ya zauna a kan benci.

"Da wane irin tsumma suke gogewa?"

"Sabo ne, Baba, daga leda."

"To shi ne. Sabo yana da kaifi, a wanke shi tukuna a cire masa bakin ɗinki. Kuma su daina zagaye, su bi tsawon ƙarfen. Kina rubutawa?"

"Ina rubutawa. Ci gaba."